Masu Gudun Doka da Suka Nemi Doka: Darasi Daga Tseren Motoci a Filayen Ƙura na Amurka

Me ya sa ɗan Adam yake bin doka? Tambaya ce tsohuwa, kuma amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce tsoro: mutum yana bin doka don gudun bulala, ko tara, ko gidan kaso. Amma da tsoro kaɗai ne ke riƙe da mutane, da duk wanda ya fi ƙarfin tsoro ya rabu da doka ke nan har abada. Tarihi kuwa ya nuna mana wani abu dabam. An sha ganin mutanen da suka yi watsi da dokar hukuma, suka saba da shiga kurkuku da fita, amma sai ga su sun zauna da kansu sun tsara wata doka, sun kuma miƙa mata wuya. Ɗaya daga cikin misalan da suka fi fito da wannan al'amari fili shi ne tarihin farkon tseren motocin gama-gari a kudancin Amurka, daga shekarun 1930 zuwa na 1960, lokacin da ake yin gasar a kan filayen jar ƙasa da ƙura. Motocin gama-gari su ne irin waɗanda kowa ke iya saye ya hau da iyalinsa, saɓanin waɗanda ake ƙerawa musamman domin tsere. Wannan tarihi na wata ƙasa ce mai nisa, amma tambayar da yake ɗauke da ita tana gaban duk wanda ya taɓa riƙe aji ko ya shugabanci ƙungiya.

Giya, haraji da mota

A yankin tsaunukan Apalash, musamman a jihohin Jojiya, Karolina ta Arewa da Birjiniya, manoma talakawa sun gaji dafa barasar masara daga kakanninsu. Dalilinsu na tattalin arziki ne: buhun masara yana da nauyi, hanya ba ta da kyau, kasuwa tana nesa, amma idan an mayar da masarar barasa sai ta yi sauƙin ɗauka ta kuma ƙara daraja. Gwamnatin tarayya ta fara ɗora wa barasa haraji a 1791, ta sake ɗora shi a 1862 lokacin yaƙin basasa, kuma tun daga nan aka shiga wasan ɓuya tsakanin masu dafawa da ma'aikatan haraji. A 1920 aka haramta yin giya da sayar da ita a duk faɗin ƙasar. An janye haramcin a 1933, amma fasa-ƙwaurin bai mutu ba, domin gundumomi da yawa na kudu sun ci gaba da hana sayar da giya, kuma wadda ba a biya wa haraji ba ta fi araha.

Ana cikin haka sai mota ta shigo lamarin. A 1932 kamfanin Ford ya fito da inji mai silinda 8 a cikin mota mai sauƙin kuɗi, kuma wannan mota ta zama dokin masu safarar barasa. Sukan cire kujerar baya domin samun wurin kaya. Sukan ƙara wa injin ƙarfi. Sukan ƙarfafa ƙarafan da ke tallafe da jikin mota a kan ƙafafun baya, waɗanda masu gyara ke kira sifirin, domin motar ta ɗauki ɗaruruwan lita ba tare da bayanta ya zauna ya tona asiri ba. Daga waje kuwa sai a bar ta yadda take, don kada ta ja ido. Samari masu ƙarancin shekaru suka koyi tuƙi da dare a kan hanyoyin tsauni masu lanƙwasa, wani lokaci ba fitila, jami'an tsaro na biye da su.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan sana'a a matsayin jarumtaka marar laifi. Wasu masu dafawa sun yi amfani da tsofaffin lagiretocin mota, dalmar da ke cikinsu ta gurɓata abin sha ta lalata jikin mashaya. A watan Oktoba na 1951, wata barasa da aka gauraya da guba ta kashe mutum kusan 40 a birnin Atlanta, ta kuma makantar da wasu. Mafi yawan waɗanda suka mutu talakawa ne baƙar fata.

Daga hanya zuwa fili

Mai doki mai gudu ba ya rasa son a gani. Direbobin nan sun riƙa gardama a kan wanda motarsa ta fi sauri, kuma gardama irin wannan fili kaɗai ke raba ta. Da farko a makiyaya ake karawa, sannan aka koma filayen sukuwar dawaki na wuraren baje kolin amfanin gona, waɗanda yawancinsu zagaye ne na kimanin mita 800. Ƙasar wurin ja ce mai yumɓu. Bayan ƴan zagaye sai ramuka su buɗe, ƙura ta turnuƙe har direba ba ya ganin wanda ke gabansa, ƴan kallo su koma gida sun yi jawur. Ba duk masu tsere ne ƴan fasa-ƙwauri ba. Akwai makanikai, manoma da ma'aikatan masaƙu. Sai dai masana tarihin wannan wasa, irin su Daniel Pierce, sun nuna cewa kuɗin barasa ya sayi motoci da yawa, ya kuma gina wasu daga cikin filayen.

Labarin Lloyd Seay ya isa ya nuna irin duniyar da waɗannan mutane suke ciki. Saurayi ne daga yankin Dawsonville na Jojiya, mai safarar barasa zuwa Atlanta, wanda mutane da yawa na zamaninsa suka ɗauka babu kamarsa a tuƙi. A ƙarshen watan Agusta da farkon Satumba na 1941 ya ci gasa uku a jere, ta ƙarshe a filin Lakewood na Atlanta ranar 1 ga Satumba. Washegari wani ɗan'uwansa na jini ya harbe shi har lahira a kan rigimar kuɗin sukarin da ake dafa barasa da shi. Shekarunsa 21. Inda babu alƙali, bindiga ce ke yanke hukunci, kuma ba ta duba zumunci.

A filin wasa ma zaluncin bai ɓuya ba. Kowane fili da tasa ƙa'ida, kowane mai shirya gasa da nasa son rai. An sha samun wanda zai tara kuɗin ƙofa, ya yi alkawarin lada mai tsoka, amma kafin motoci su gama zagayen ƙarshe ya sulale da jakar kuɗin. Direban da ya sa ransa a hatsari ya ƙona mansa sai ya koma gida hannu rabbana. Wanda ya ji rauni ba shi da mai biyan magani. Ba kuma wanda zai iya cewa ga zakaran shekara, tunda ƙungiyoyi barkatai kowacce tana naɗa nata. Mutanen da suka ƙware wajen zille wa hukuma sai suka ɗanɗana yadda rayuwa take idan kai ne ake zille wa.

Taron Daytona da hukuncin Charlotte

Ranar 14 ga Disamba 1947, wani makanike kuma mai shirya gasa mai suna Bill France ya tara mutum kimanin 35 a otal ɗin Streamline da ke garin Daytona na jihar Fulorida. Akwai direbobi, makanikai, masu motoci da masu filaye. Cikinsu har da Raymond Parks, attajirin Atlanta wanda ya yi zaman kurkukun tarayya saboda harkar barasa, da makanikensa Red Vogt, wanda shi ne ya ba sabuwar ƙungiyar sunan da aka taƙaita zuwa NASCAR. An yi mata rajista ranar 21 ga Fabrairu 1948. Abin da suka amince da shi mai sauƙin faɗi ne: ƙa'ida ɗaya a duk filaye, lada tabbatacce da za a biya bayan kowace gasa, lissafin maki da zai fitar da zakara ɗaya a shekara, da tallafi ga wanda ya ji rauni.

Rubuta doka abu ne mai sauƙi. Ranar da ta faɗa a kan wanda jama'a ke yi wa tafi, ranar ake sanin ko tana da rai. Wannan rana ta zo a 19 ga Yuni 1949, a wani filin ƙasa na kusan kilomita 1 da mita 200 a garin Charlotte. Ita ce gasar farko ta rukunin motocin da aka sharɗanta kada a sauya musu komai daga yadda suka fito daga masana'anta. Zagaye 200 aka tsara, kuma ladan na ɗaya dala 2,000 ne, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Glenn Dunaway ne ya fara ƙetare layi, cikin wata Ford ƙirar 1947, ya ba na biyu ratar zagaye uku. Da masu bincike suka duba motar sai suka tarar an taɓa sifirin ɗinta na baya, irin gyaran da masu safarar barasa ke yi. Aka soke nasararsa, aka ba Jim Roper, baƙo daga jihar Kansas, wanda ya tuƙa Lincoln. Mai motar, Hubert Westmoreland, ya kai ƙara kotu yana neman diyyar dala 10,000, amma alƙali ya kori ƙarar.

A lura da abin mamaki guda biyu. Na farko, dabarar da ta kuɓutar da mota daga hannun ma'aikatan haraji ita ce ta kayar da ita a gaban alƙalan fili. Na biyu, mai motar da aka yi wa gyaran gudun hukuma, kotun wannan hukuma ya nufa da ya ga an taɓa haƙƙinsa. Direbobi kuwa, ko da wasunsu sun yi gunaguni, sun dawo gasa ta gaba, kuma ƙungiyar ta ci gaba da bunƙasa.

Me ya bambanta dokokin biyu?

Aflaton, a littafin farko na Jamhuriya, ya sa Sukrat ya kafa hujja cewa ko gungun ɓarayi ba za su cim ma komai ba muddin suna zaluntar junansu. Ma'ana, adalci sharaɗi ne na duk wani aikin haɗin gwiwa, har ma da mummuna. Tsere ya fi kowane aiki buƙatar wannan sharaɗi, domin in babu ƙa'ida kalmar nasara ba ta da ma'ana. Wanda ya yanke ta tsakiyar fili ya riga kowa isa, bai ci tsere ba. Wanda ya zo da inji ninki biyu na sauran, bai nuna ya fi su iya tuƙi ba. Direban da ke son a ce shi ne gwani dole ya so a ɗaure hannun abokin karawarsa, kuma ba zai samu haka ba sai ya yarda a ɗaure nasa.

To me ya sa dokar haraji ba ta samu irin wannan karɓuwa a zukatansu ba? Ana iya hango dalilai uku. Dokar haraji daga nesa ta zo, daga mutanen da manomin tsauni bai taɓa gani ba. Dokar fili kuwa a gabansu aka tsara ta, kuma wasu daga cikinsu sun zauna a wurin. Amfanin haraji bai bayyana ga mutumin da hanyar ƙauyensu ba ta da kwalta ba. Amfanin dokar fili kuwa yana shiga aljihu da yammacin ranar gasa. Sannan sun ɗauki dokar haraji a matsayin wadda ke kare manyan kamfanonin giya tana farautar talaka, alhali a Charlotte sun ga ƙa'ida ta kayar da ɗan gida ta ba baƙo. Jean-Jacques Rousseau, a littafinsa na yarjejeniyar zamantakewa da ya fito a 1762, ya yi nuni da cewa mutum ba ya rasa ƴancinsa idan ya bi dokar da shi kansa ya sa hannu wajen kafawa. Direbobin filayen ƙura ba su karanta Rousseau ba, amma sun gane hakan ta hanyar asarar da suka sha.

A nan mai tunani zai iya tayar da ƙorafi mai nauyi. Idan haka ne, ashe kowa yana da damar zaɓen dokar da ta yi masa daɗi ya bi, ya watsar da wadda ba ta yi masa ba? Amsa ita ce a'a, kuma tarihin kansa ya ba da dalili. Gasar tsere ƙungiya ce ta ganin dama: wanda bai yarda da ƙa'idarta ba sai ya ajiye motarsa a gida, bai cuci kowa ba. Zaman ƙasa ba haka yake ba. Mai safarar barasa yana gudu a kan hanyar da harajin wasu ya gina, yana jefa ran matafiya cikin hatsari, kuma abin da ya ɗauko yana iya makantar da wanda bai taɓa gani ba. Waɗanda suka mutu a Atlanta a 1951 ba su halarci wani taro ba, ba su amince da wata yarjejeniya ba. Dokar hukuma, duk da nisanta, irinsu take karewa. Saboda haka gane dalilin da ya sa mutum ya ƙi wata doka bai wanke shi daga laifin ƙin ta ba. Abin da ganewar ke yi shi ne ta nuna wa mai kafa doka inda aikinsa ya rage: bai isa doka ta zama daidai ba, sai an sa waɗanda za su bi ta sun ga daidaitonta da idonsu.

Mai dokar barci

Da labarin ya tsaya a Charlotte, da sai mu ce komai ya tafi daidai. Amma doka tana da jarrabawa ta biyu wadda ta fi ta farko wuya, wato ranar da ta juyo kan wanda ke riƙe da ita. Ƙungiyar da aka kafa a Daytona kamfani ne mai zaman kansa, kuma ba a daɗe ba ikonta ya tattaru a hannun Bill France. Har yau zuriyarsa ce ke riƙe da ita. A 1950 an ƙwace makin manyan direbobi, cikinsu har da Lee Petty, saboda sun shiga gasar da ba ta ƙungiyar ba. A wannan shekara kuma, motar da ta ci babbar gasar farko ta Darlington, filin kwalta na farko mai girma a wannan wasa, France yana cikin masu ita. A 1961, da Curtis Turner da Tim Flock suka yi yunƙurin kafa wa direbobi ƙungiyar ƙwadago, sai aka kore su daga wasan. Turner bai dawo ba sai 1965. Dokar da aka kafa don kare direba daga mai shirya gasa ta zama sanda a hannun babban mai shirya gasa.

Misalin da ya fi ɗaci shi ne na Wendell Scott, baƙar fata daga garin Danville na Birjiniya, makanike kuma tsohon mai safarar barasa kamar takwarorinsa farare. Ya shiga tsere a farkon shekarun 1950, a kudancin da wariyar launin fata ke da ƙarfin doka, da tsofaffin motocin da yake gyarawa da hannunsa, ƴaƴansa na taya shi. Ranar 1 ga Disamba 1963, a filin ƙasa na Jacksonville a Fulorida, ya riga kowa kammala zagayen da aka tsara. Ba a ɗaga masa tutar nasara ba. Aka ɗaga wa Buck Baker, farar fata, aka ba shi kofi a gaban jama'a. Sai bayan sa'o'i, ƴan kallo sun watse, aka ce an yi kuskuren lissafi, aka tabbatar Scott ne ya ci, aka ba shi kuɗinsa ba kofi. Mutane da yawa sun yi imani cewa masu gasar sun ji tsoron abin da taron zai yi ne idan baƙar fata ya tsaya a dandalin nasara kusa da farar budurwar da ke miƙa kyauta. Scott ya rasu a 1990. Sai a 2021 ƙungiyar ta miƙa wa iyalinsa kofin wannan rana.

A gwada Charlotte da Jacksonville. A wuri na farko an duba ƙarfen mota ba a duba mai ita ba, sai doka ta samu daraja. A wuri na biyu an duba fatar direba kafin a duba takardar lissafi. Ƙa'idar ba ta canza ba tsakanin 1949 da 1963. Masu riƙe da ita ne suka kasa. Hausawa kan ce mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma gyangyaɗin alƙali ya fi na kowa tsada, domin shi idan ya karkata, duk waɗanda suka ajiye ƙarfinsu suka dogara da shi ya ci amanarsu.

Kammalawa

Zamanin filayen ƙura ya wuce a hankali. An buɗe babban filin kwalta na Daytona a 1959, kuma a watan Satumba na 1970 aka yi gasar ƙarshe ta wancan zamani a kan ƙasa a babban rukuni, a garin Raleigh, inda Richard Petty ya yi nasara. An sake gwada ƙasa a filin Bristol daga 2021 zuwa 2023, sannan aka bari. Junior Johnson, wanda aka kama a madafar barasar mahaifinsa a 1956 ya yi wata 11 a kurkuku, ya ci manyan gasa 50 a rayuwarsa, shugaba Ronald Reagan ya yi masa afuwa a 1986, kuma da aka buɗe gidan tarihin wasan a Charlotte a 2010, shi da kansa ya harhaɗa tukunyar dafa barasar da aka ajiye a ciki. Wasan da ya daɗe yana jin kunyar asalinsa ya koma nuna shi ga baƙi.

Abin da wannan tarihi ya bar mana ya wuce batun mota. Mutumin da muke kira mai taurin kai sau da yawa yana ɗauke da ƙishirwar adalci fiye da yadda muke zato, kuma zai iya ɗaure kansa da ƙa'ida mai tsanani idan ya ga tana kare guminsa, ya kuma ga ba ta zaɓen fuska. Tsoro yana iya sa a bi doka muddin mai bulala yana tsaye. Biyayyar da ke ɗorewa bayan ya juya baya kuwa sai an saye ta da gaskiya, kuma wanda ya kafa dokar shi ne ke fara biya. Malamin da ke rubuta ƙa'idojin aji, da kwamitin da ke tsara dokokin ƙungiya ko na gasar da zai shirya, ya kamata su yi wa kansu tambaya tun kafin tawada ta bushe: ranar da wannan ƙa'ida ta faɗa a kan ɗalibin da muka fi so, ko ta ba wanda ba mu so nasara, ko ta juyo kanmu, za mu iya karanta ta da ƙarfi a gaban jama'a yadda muka rubuta ta?